Yadda muka farfaɗo da tsohon ɗakin taron unguwarmu ya zama gidan matasa

Unguwarmu tana cikin ƙwaryar birnin Kano, irin unguwannin nan masu lunguna da in babur biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja baya. A bakin unguwar akwai wani tsohon ɗakin taro da iyayenmu suka gina da kuɗin karo-karo tun muna yara, a bayansa kuma akwai fili wanda a hankali ya koma juji. Iska ta yaye rabin kwanon ɗakin, ƙofar ta ɓalle, kuma duk wanda ya wuce ta wurin bayan isha'i ya san abin da ake yi a ciki, domin warin wiwi da sholisho ne ke fara yi masa sallama. Da safe sai ka ga kwalaben maganin tari birjik a gindin katanga. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi tun watan Mayun 2018, bayan rahoton da BBC ta fitar a kan yadda yake cin matasa, amma hanin bai kwashe kwalaben bayan ɗakin taronmu ba. Da aka fitar da binciken nan na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a farkon 2019, aka ce mutum miliyan 14.3 ne masu shekara 15 zuwa 64 suke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, ni ban ji abin a matsayin lissafi ba. Na san fuskoki a cikinsu, wasu ma na koyar da su a firamare.

Kullen korona na 2020 ne ya ƙarasa tsananta lamarin. An rufe makarantu wata da watanni, har da na Islamiyya, kasuwanni sai ranar da aka ba da dama. Yaron da ya saba fita bakwai na safe ya dawo la'asar sai ya wayi gari ba shi da wurin zuwa in ban da majalisa. Da aka buɗe gari, da yawa daga cikinsu ba su koma aji ba, ƙwacen waya kuma ya ƙaru har mata suka daina bin wasu lungunan da magariba. A ƙarshen wannan shekarar ne mu 'yan kaɗan muka zauna a ƙofar gidan wani abokina tela: ni malamin makaranta, shi telan, wani tsohon ɗan ƙwallo da ciwon gwiwa ya ajiye, da wata yayarmu ma'aikaciyar jinya wadda muka riƙa kai wa shawara har gida. Muka ce mu nemi ɗakin nan da filin, mu mai da su wurin da yara za su buga ƙwallo, su yi wasan kwaikwayo, su koyi zane.

Matakin farko shi ne gidan Mai Unguwa, kuma duk wanda yake son yin irin wannan aiki a ƙasar Hausa, nan zai fara ko ya so ko bai so ba. Mun je bayan sallar asuba, lokacin da bai cika da masu ƙara ba. Muka cire takalma, muka durƙusa, na yi bayani. Ya saurare mu har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "To Malam, na ji. Amma in aka fasa wa yaro kai a filin nan, wa za a zo a kama? Ni ko ku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu za a kama."

Ya ce, "Haka ake cewa. Ku je ku rubuto mini sunayenku da sa hannunku, ku kuma je wurin Liman. In ya yarda, ni zan kai ku gaban Dagaci da kaina."

Wurin Liman ne muka fi daɗewa, kuma har yau ina ganin zaman da muka yi da shi ne ya gina gidan, fiye da bulo da siminti. Ba ƙwallo ce damuwarsa ba. Damuwarsa uku ce: kada wasa ya ci lokacin salla, kada ya janye yara daga Islamiyya, sai kuma wasan kwaikwayo, wanda a wurinsa ƙofa ce ta shiga harkar fim. Ban yi masa gardama a kan na ukun ba, domin yana da hujja. Kowa ya san finafinan Hausa daga ƙungiyoyin wasan daɓe na unguwanni suka tsiro. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta nan Kano ta yi Turmin Danya a 1990, daga nan harkar ta bunƙasa har gwamnati ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Abin da na ce masa shi ne, "Allah ya gafarta Malam, duk wasan da za mu yi, sai mun kawo maka shi a rubuce ka gani tukuna. Abin da ka ce a cire, za a cire." Ya yi shiru, sannan ya ce a ƙara masa da sharaɗi ɗaya: da an kira magariba a ɗauke ƙwallo, ko da fenareti ake shirin bugawa. Muka amsa. Wannan sharaɗin ya zama doka ta farko a kundinmu, kuma an taɓa tsayar da wasan ƙarshe na wata gasa ana saura 'yan mintuna saboda ita. An yi guna-guni, amma washegari iyaye biyu da suka hana 'ya'yansu zuwa suka kawo su da kansu.

Da takardar Mai Unguwa da ta Dagaci muka nufi sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen da ke kula da matasa da ƙungiyoyi. Sun buƙaci kundin tsarin mulkin ƙungiya, sunayen shugabanni da hotunansu, bayanin zaman da aka yi aka zaɓe su, da kuɗin rajista. An yi ta kai-kawo, yau mai sa hannu ya fita, gobe ana taro, amma takardar ta fito. Rajistar tarayya ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wata tafiyar ce daban: sai an naɗa amintattu, an buga sanarwa a jaridu, an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Ba mu taɓa ta ba sai bayan shekaru, lokacin da muka ga ba za mu iya buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ba sai da ita.

Sai aikin gayya. Mun sanar a masallaci ranar Juma'a cewa Asabar da safe za a kwashe juji. Na zaci ɗalibaina ne za su cika wurin, kuma sun zo, da shebur da manjagara da baro na aro. Amma da rana ta ɗaga sai ga mutanen ɗakin, wato su masu kwana a ciki, sun fito sun jeru a kan katanga suna kallonmu. Babu wanda ya ce uffan. Babbansu, saurayi ne da bai wuce ashirin da 'yan kai ba, da tabon sara a damtsensa, ya sauko ya zo gabana ya ce, "Malam, wato korarmu za ku yi."

Tsohon ɗan ƙwallon nan namu, wanda tun ranar yara suka laƙaba masa Koci, shi ya amsa. Ya ce, "Ƙanina, wa ya ce a kore ku? Gola muke nema. Na ga tsawonka." Ya miƙa masa shebur. Saurayin ya dubi shebur ɗin, ya dubi abokansa, ya karɓa. Ba duka suka sauko ba, wasu sun tashi sun canza mafaka, kuma biyu daga cikinsu har yau ba su dawo hanya ba. Amma shida ko bakwai sun yi aikin nan har azahar, kuma su suka san inda fasassun kwalabe suka fi yawa a cikin ƙasar, suka riƙa nuna mana.

Filin bai kai girman filin ƙwallo na ƙa'ida ba, don haka muke buga bakwai-bakwai. Mai walda na unguwa ya haɗa mana turaku da tsofaffin bututun ruwa, muka ja layi da toka kafin mu samu farar ƙasa. Takalma da riguna gwanjo muka ɗebo a Ƙofar Wambai, telanmu ya ɗinka lambobi a baya. Wani ɗan kasuwar Kwari da ya tashi a unguwar ya sayi kwanon rufi, kafinta ya yafe rabin kuɗin aikinsa.

Abin da nake so in daɗe a kansa shi ne maganar littafin kuɗi, domin a nan na ga yadda mutum yake sauyawa a gaban idona. Mun yanka kuɗin mako kaɗan a kan kowane ɗan ƙungiya, wanda ba zai gagari mai sayar da ruwan leda ba, don sayen ƙwallo da magani da ruwan sha. Da aka zo zaɓen ma'aji, yaran da kansu suka nuna golan nan. Na ji gabana ya faɗi, telan ma ya matso kunnena ya ce, "Malam, anya?" Yayarmu ma'aikaciyar jinya ce ta ce a ba shi, amma a kafa ƙa'ida: duk Juma'a bayan la'asar ma'aji zai tsaya a gaban kowa ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya zube kuɗin a kan tabarma a ƙirga.

Matsalar ita ce bai iya rubutu sosai ba, a aji huɗu ya bar makaranta. Daren Alhamis na farko sai ga shi a ƙofar gidana da littafin a cikin leda, ya ce, "Malam, ka nuna mini yadda ake jera su, kar in ji kunya gobe." Muka zauna a zaure da fitilar waya. Na ja masa layi uku: suna, abin da aka bayar, abin da ya rage. Yana riƙe da biro kamar zai karya shi, yana haɗa gumi a kan rubuta sunan yaron da suke kwana ɗaki ɗaya. Washegari ya tsaya a gaban mutane, muryarsa tana rawa, ya karanta, aka ƙirga kuɗi suka cika cif. Yara suka yi tafi. Na ga ya juya baya yana gyara ragar da ba abin da ya same ta. Tun daga ranar, duk Alhamis yana zaurena, daga lissafi muka shiga karatu, daga baya ya shiga ajin yaƙi da jahilci na dare. Ban ce ya daina komai a rana ɗaya ba. An sha fama, akwai makon da ya ɓace gaba ɗaya, sai da Koci ya bi shi har inda yake. Amma littafin bai taɓa ɓata ba, kuma ko a makon da ya ɓace, sai da ya aiko ƙaninsa da shi da kuɗin a ciki. Ni a ganina, ƙwallo ita ta kira shi filin, amma amanar da aka danƙa masa a bainar jama'a ita ta riƙe shi. Daga nan muka mai da abin tsari: kowane yaro da ya kai wata uku sai an ba shi wani abu ya riƙe, ko makullin ɗakin kaya, ko usur, ko akwatin magani, ko rajistar masu zuwa.

Ƙwallo ba ta buƙatar talla a Kano. Garin da Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, garin da Ahmed Musa ya fito da sunansa kafin ya tafi Turai ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018, ba sai ka roƙi yaro ya zo fili ba. Wahalar ita ce kowane yaro yana ganin shi ne Ahmed Musa na gobe, kuma akwai masu cin abinci da wannan mafarkin. Wata rana wani mutum ya zo da mota mai kyau, ya kalli atisaye, ya ware yara uku ya ce zai kai su gwaji ƙasar waje, kowanne iyayensa su kawo kuɗin fasfo da biza. Mahaifiyar ɗaya har ta fara maganar sayar da keken ɗinkinta. Koci ya ce a tambaye shi takardar gayyata daga kulob ɗin da lasisinsa na dillalin 'yan wasa. Bai sake dawowa ba. Tun daga lokacin muka sa doka cewa duk mai son ɗaukar yaro sai ya zauna da mu da iyayensa a gaban Mai Unguwa.

Sai rigimar shekaru, wadda ta kusa raba mu. Da muka fara shiga gasannin unguwanni na 'yan ƙasa da shekara 15, mun sha kashi a hannun ƙungiyoyin da 'yan wasansu suke aske gemu da safe kafin su zo fili. Yaranmu suka fusata, wasu daga cikin manya ma suka ce mu ma mu sa manyanmu mu rage musu shekaru, ai kowa haka yake yi. Na ƙi, kuma a nan na tsaya da ƙafata. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma zargin ƙaryar shekaru ya daɗe yana bin gasar, har FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa a 2009, shekarar da aka yi gasar a ƙasar nan kuma Kano tana cikin garuruwan da aka buga. In ka koya wa yaro cewa hanyar cin kofi ita ce ya yi ƙarya a kan ranar da uwarsa ta haife shi, me kuma ya rage da za ka ce masa game da littafin kuɗi? Muka ce kowa ya kawo takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Nan muka gano fiye da rabinsu ba su da ita. Sai aikin ya koma raka iyaye ofis, cike takardu, daga baya kuma lambar NIN. Wasu daga cikin yaran da wannan takardar suka yi rajistar jarrabawar gama sakandare, abin da ba mu ma hango ba lokacin da muke rigimar. Kofi dai ba mu ci ba a shekarar. Daga baya an kira yaranmu biyu tantancewar 'yan wasan da za su wakilci jiha a Kofin Ramat, gasar matasan da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad, ɗaya ya kai zagayen ƙarshe kafin a sauke shi.

Ba kowane yaro ne ɗan ƙwallo ba, kuma wanda ba ya iya ta yakan koma gefe ya zama ɗan kallo, daga nan ya daina zuwa. Saboda su muka dawo da langa. Wani dattijo mai gadin makaranta ne ya koya musu yadda ake yi tun asali: ka kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ka yi ta tsalle da ɗayar, ƙungiya ta kare ɗan wasanta da ake kira ruwa har ya kai masha, abokan hamayya suna neman ka da shi. Yaran sun yi mamaki da suka ji langa tana cikin wasannin da ake fafatawa a bikin wasanni na ƙasa, ana ba da lambar zinare a kanta. Sun nemi a ƙara da dambe, muka ce a'a. Ba don dambe ba wasan gado ba ne, sai don a unguwar da ake da tsohuwar gaba tsakanin lungu da lungu, naushin wasa ba ya tsayawa a fili.

Shigar 'yan mata ita ce ta fi cin lokaci, kuma ba ni na yi aikin ba. Yayarmu ce ta bi gida-gida da daddare bayan ta taso daga asibiti, tana zama da iyaye mata. Abin da aka daidaita a kai shi ne ranar Lahadi da safe gidan na mata ne zalla, a rufe ƙofa, ita da wata malamar Islamiyya suke riƙe da makulli, ko ni ba na shiga. Suna buga ƙwallon raga a tsakar ɗakin, suna wasan gaɗa, suna koyon zanen lalle da ɗinkin hula. Wata yarinya da ta fara zanen fure a bayan littafinta na makaranta, yanzu ita ake kira gidajen biki, da kuɗin lallen take biyan kuɗin makarantarta. Har yau ina jin rana ɗaya a mako ta yi musu kaɗan, kuma ina faɗa a duk zaman da aka yi.

A ɓangaren maza, wani alaramma mai zayyanar allo ya yarda ya riƙa zuwa yana nuna musu yadda ake haɗa tawada da yadda ake fitar da zanen da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani. Mun kai su Gidan Makama suka ga kayan tarihi, muka biya ta marinar Ƙofar Mata suka ga yadda ake tsoma zane a baba. Da muka dawo suka roƙi a bar musu bangon gaba. Suka zana dagin Arewa a tsakiya, suka kewaye shi da irin adon da magina suke yi a fuskar tsofaffin gidajen birni. Yanzu masu shaguna suna kiran biyu daga cikinsu rubutun allon talla.

Wasan kwaikwayonmu na farko a watan azumi muka yi shi. A 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a Kano saboda ɓata-gari suna fakewa da shi su yi ƙwace da faɗan daba, har ya zama akwai yaran da suka tashi ba su taɓa ganin tashe na gaske ba. Muka nemi izini mu yi namu a cikin harabar gidan, ba yawo, bayan an sauko daga asham. Ƙananan suka yi Jatau mai magani da Tsoho da gemu, da gemun auduga da rawanin tsumma, tsofaffi suna dariya har da hawaye suna gyara musu waƙar inda suka kauce. Sannan manyan suka fito da wasan da suka rubuta da kansu, a kan wani yaro da ya ƙwace waya a lungu da daddare, ya kai gida ya kunna, ya ga hoton ƙanwarsa a fuskar wayar, ashe ta ƙawarta ce da suke aji ɗaya. Liman ya karanta rubutun tun kafin azumi, ya cire wuri ɗaya da aka yi ashar, ya ce sauran a bar shi yadda yake.

Wanda ya fito a matsayin ɓarawon ya san abin da yake kwaikwaya, kuma duk wanda yake zaune a wurin ya san ya sani. Da aka zo inda uwar take tambayarsa inda ya samo wayar (wani yaro ne ya ɗaura zane ya fito a uwar, tunda ba ma haɗa maza da mata a daɓe), sai ya bar abin da aka rubuta masa. Ya durƙusa ya ce, "Umma, ki yafe mini, na gaji." Ba ya cikin takarda. Mahaifiyarsa ta gaskiya tana zaune a layin mata, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Da aka tashi Mai Unguwa ya kira shi, ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro." Na san shekarun da yaron nan ya yi babu wani babba a unguwar da ya kira shi sai don a tuhume shi.

Kuɗi kuwa kullum cikin ƙaranci muke. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin A Daidaita Sahu zuwa wasan waje ya fi ƙarfinmu, muka koma gayyatar unguwannin da za a iya zuwa a ƙafa. Wannan ma ya zo da alherinsa, domin cikin waɗanda muka gayyata har da unguwar da samarinmu suka daɗe suna gaba da ita. Mun zauna da masu unguwannin biyu da 'yan sintiri kafin ranar, aka caje kowa a ƙofa, aka sa dattawa a tsakiyar 'yan kallo. Sun ci mu biyu da ɗaya, aka rabu lafiya, suka gayyace mu ramuwa. Lokacin zaɓe ma 'yan siyasa sun zo da tayin riguna masu hotonsu da buhunan ƙwallaye. Mun ce duk mai son taimako ya kawo ba hoto ba tuta, a rubuta a littafi a karanta ranar Juma'a kamar na kowa. Ɗaya ne kawai ya yarda da haka. Na san abin da ake yi da samarin unguwa in an gama raba musu riguna, kuma ba don a mai da su 'yan jagaliya muka kwashe jujin nan ba.

A bara muka yi zaɓen shugabanni karo na biyu, mu huɗun da muka fara muka koma amintattu, yaran suka karɓi ragamar yau da kullum. Tsohon golan nan shi ne mataimakin shugaba, yana kuma koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Littafin kuɗin ya miƙa wa wani ƙaramin yaro, shi yake zama da shi daren Alhamis. Abin da ke gabansu yanzu shi ne magudanar ruwa, domin duk damina gefen filin na gabas yana zama tafki har sai an yi mako ba a buga ba. Sun riga sun je wurin birkila ya yi musu lissafin bulo da siminti, sun rubuta wa 'yan kasuwar unguwa takarda, kuma sun sa aikin gayyar haƙa ramin a Asabar ta farko bayan ƙaramar salla.